Zazzaɓin Gidanmu

A gidanmu na Wagini mace ba ta mutuwa da ciwon dajin nono. Zazzaɓi ne ke kashe ta. Haka Kawu ya yanke, kuma shi ne babba. Innarmu ta rasu tana da shekara talatin da takwas, nononta na hagu ya zama gyambo, ni nake wanke tsummokaran, amma Kawu ya ce zazzaɓi. Yayarmu ta bi ta, ko talatin da biyar ba ta cika ba. Ita ma zazzaɓi. Hujjarsa ita ce, in aka ji ciwon yana bin jini, wa zai zo neman aure gidan? Wannan fa mutumin da ko akuya zai saya sai ya tambayi lafiyar uwarta.

Ina koyarwa a Safana aka turo masu duba mata kyauta. Ni na haura arba'in, aka duba ni, ba a ga komai ba. Na aika Batsari inda ƙanwata take aure, na ce ko me take yi ta ajiye ta zo. Ta zo, amma da surukarta, wai rakiya.

Ma'aikaciyar ta duba katinta. "Talatin da uku. 'Yan arba'in muke sa wa na'ura, sai dai in akwai ciwon a dangi. Akwai wadda ta taɓa yi a gidanku?"

Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Surukar ce ta amsa: "Haba Malama, sai da muka yi bincike kafin aure. Gida ne lafiyayye."

Ina tsaye a wurin, ni malamar da ke cika aji da baki, na yi gum. Kunyar surukar da ba tawa ba ce ta kama ni. Har yau ina jin haushin kaina fiye da na kowa.

Aka ce ta dawo bayan shekara bakwai. Uku ta yi ta rasu.

Ranar zaman makoki ina jiyo Kawu daga zaure yana gaya wa maza, "Zazzaɓi ne, na ɗan kwana biyu." 'Ya'yan ƙanwata mata biyu suna zaune gefena. Na ɗaga murya yadda za a ji har zauren, na ce dajin nono ne, shi ya kashe Inna, shi ya kashe Yaya.

Tun ranar Kawu bai sake amsa gaisuwata ba. Wai na kashe wa yaran kasuwa. Shi so yake a aure su. Ni so nake su kai arba'in.