Citta a Madadin Kanwa

Shekarar da 'yata ta zo wankan gida na sayi citta fiye da duk wadda na saya tun da na fara ɗora tukunya. Masu lasifika a kasuwar Gwarzo suna rantsuwa cewa tana maganin komai, har da abin da bai kama mutum ba tukuna. Abin da ni na sani game da ita bai kai nan ba. Tana kwantar da tashin zuciya, tana sassauta maƙogwaron da mura ta shaƙe, tana sa wanda abinci ya fita ransa ya sake waiwayar kwano. Duk malamar da ta daɗe tana ɗaga murya a aji mai cunkoso ta san amfanin ruwan citta da zuma. Iyakar karatuna a kanta ke nan.

Yarinyar ta sauka lafiya, namiji, amma ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, jininta kuma ya hau. Nas ɗin da ta sallame mu, 'yar kudancin Kaduna ce da na koyar da 'ya'yanta, ta ja ni gefe.

"Malama, ke zan gaya wa. Ban da kanwa, a rage gishiri. Ruwan wanka mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ta sha maganinta, ku riƙa dawowa awo."

Na ce, "Citta fa?"

"A abinci babu laifi. Amma kar ta zama ita ce maganin."

Ni aka gaya wa, kuma duk gidan ni ce ba ni da bakin magana, don 'yar fari ce. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Gwaggonta, yayar maigidana da ke Gude, ita ta yaye ta, ita ta kai ta ɗakin miji, ita kuma ta iso ranar da muka dawo daga asibiti da ƙullin jar kanwa da damin ganyen darbejiya. Na kai wa maigidan maganar nas. Ya saurara da kyau, ya ce wannan sha'anin mata ne, ya ɗauki hularsa.

Ilimin Yaya a kan jego babi ɗaya ne, kuma ta haddace shi: haihuwa tana buɗe jiki, sanyi ya shiga, sai an kore shi da zafi. Shaidar ya fita ita ce gumi. Idan mai jego ba ta jiƙe sharkaf ba, ba a yi komai ba. Da na gane gumi ake nema, sai na tuna akwai abin da ke kawo shi ba tare da kanwa ba.

"Yaya, wankan ma aiki ne," na ce mata. "Ki bar mini kunun da ɗibar ruwa."

"Ikon Allah. Yau alli ya ga muciya."

Haka na karɓi madafa. Ruwan wanka ina sirka shi tun a bokiti kafin ya isa banɗaki, in bar tururin ya yi mini ƙarya. Kunu kuwa, in goge ɗanyar citta har yatsuna su yi raɗaɗi, in matse ruwanta a gasarar gero, in sa kanumfari, in barbaɗa gangamau don ya ba da launin da kanwa take bayarwa. Yarinyar ta sha, goshinta ya tsattsafo, Yaya ta shafa ta gyaɗa kai. Sannan ta karɓi ludayin ta ɗanɗana.

"Malama, wannan kunun na aji nawa ne?"

"Na jego ne, Yaya."

"Kanwar ta tafi hutu ke nan."

"Citta ce ta danne ta."

"To. Allah ya ƙara ilimi."

Ban ɗauka na ruɗe ta ba. Matar da ta dama kunun kanwa tun kafin in san baƙi da wasali ba za a ɓoye mata da gangamau ba. Muka ci gaba da gaisawa da safe, kowacce ta san abin da ɗayar ta sani.

Na gaji a kwanakin nan. Daga sallar asuba sai turmi da magogi, sai makaranta, sai in dawo in tarar da 'yan barka. A aji ina rubutu a allo ina jin ƙamshin citta a hannuna, idona yana rufewa a tsakiyar jimla. Ita kuma mai jegon, in ta faki ido, sai ta ce a hankali, "Umma, harshena ya mutu. Yaron nan in ya sha nono atishawa zai yi." Sai in ce wa bango a shanye, kada ya huce. Amma ta fara cin tuwo, ita da ko warinsa ba ta so.

Wata Alhamis aka tashe mu daga makaranta da wuri. Na shigo na tarar da maƙwabta zaune a ɗakin, Yaya ta tallabo kan yarinyar da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kofin silba. Daga bakin ƙofa na ji warin. Wannan kunun na gaske ne, an zuba kanwa ba rowa. Yarinyar tana numfashi sama-sama, ta dube ni ta saman kofin. Ba za ta iya ce wa gwaggonta a'a ba, ni na koya mata hakan.

Na karɓi kofin. Na kira ta da sunanta, na yanka, na ce ba za ta sha ba.

 Wata tsohuwa ta gyara mayafinta ta dubi ƙasa, kamar ita ta yi abin kunyar.

"A gabana?" in ji Yaya. Ba ta ɗaga murya ba. "Sunanta, a bakinki?"

"Yaya, ki yi haƙuri. An ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

"Mata nawa na yi wa wanka? Ke wa ya yi miki naki?"

"Ke ce."

"Kin mutu?"

Na san waɗansu da suka kumbura a jego aka ce kwana ne ya ƙare. Ita ma ta san su, ta yi musu kuka. Ban ambace su ba. Na fita da kofin na zubar a makwarara.

Washegari ta ɗaure kayanta. Ta ɗauki jaririn ta daɗe tana kallonsa.

"To, angona, na tafi. Kakarka ta zama likita, ka yi ta shan yaji."

Maigidan ya raka ta tasha ya sa ta a motar Gude, ya dawo ya shige ɗakinsa.

Wanka ya dawo kaina. Ban iya kaɗa ganye kamar Yaya ba, rabin ruwan a zanina yake ƙarewa. Kumburin ya saɓe a hankali, nas ta duba awo ta ce an gode Allah. Aikin ƙwayoyin asibiti ne, ban ba citta ladan da ba nata ba. Nata shi ne ta sa yarinyar ta ci abinci, ta kuma saya mini 'yan kwanaki kafin in yi abin da dole in yi. A unguwa an ce boko ya cinye mini kunya. Yaya har yau muna gaisawa, doguwar gaisuwa mai tambayar kowa da kowa, amma ba ta sake kwana a gidana ba.

Da aka yi arba'in, babu wanda zai mayar da yarinyar ɗakinta. Aikin gwaggo ne, uwa ba ta zuwa. Na aika Gude, aka ce ƙafa tana damunta. Na sa mayafi na shiga motar, jaririn a cinyata. A ƙofar gida, uwar mijinta ta tare mu da guɗa, ta karɓi yaron, sannan ta leƙa bayana tana neman wadda ta kawo su.

"Ina Gwaggo?"

Na ce, "Tana gaishe ku."