Darbejiyar Yaya Sale Ta Sha Da Ƙyar

Yau shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Sale a nan Makka, kuma wallahi bana ce karon farko da nake tuna shi bakina har kunne.

Yayana ne, ciki ɗaya. Gadi yake yi a wani bene a unguwar Shisha, haris kamar yadda ake cewa a nan. Wata shekara ya je aikin shara a Arfa bayan saukar alhazai, ya dawo da 'ya'yan darbejiya a aljihu, ya binne a ƙofar benen. Ɗaya ta tsiro, da ruwan alwala ya raine ta. Ko baƙo ne kai, in za ka yi alwala a wurinsa sai ka tara bokiti. Na sha yi masa tsiya: "Yaya, kowa na neman arziki a Makka, kai kana renon ɗaci?" Sai ya ce, "Ke dai Hajo, zuba mata ruwan."

Bayan rasuwarsa mijina ya gaji gadin. A watan jiya ɗan mai benen ya ce a sare bishiyar, yana son wurin ajiye mota. Hankalina ya tashi matuƙa. An rushe gidan da muka girma a unguwar Nakkasa, kabarin Yaya kuma babu alama, kamar na kowa a garin nan. Bishiyar nan kaɗai ta rage mini.

Mai zarto ya zo, ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce, "Ina tasrihi?" Takardar izini yake nufi. Ashe yanzu dokar muhalli ta hana sare bishiya haka kawai, ko da a ƙofarka take, kuma mai gida da mai saran duk suna iya shan tara. Ɗan mai benen ya je neman izini, aka zo aka duba, aka ce lafiyarta lau, a bar ta. Jama'a, a tsakiyar titi na rangaɗa guɗa!

Kai Yaya, da kana nan! A zamaninka mahaukacin bishiya ake ce maka, yau ga hukuma da takardunta ta dawo kan maganarka. Na san dai ba za ka yi mana gori ba, bokitinka kawai za ka nema.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Ya bar inuwar da direbobin tasi ke hutawa a ciki ba su san sunansa ba. Allah ya kai masa ladan. Yau da asuba na yi alwala, na fita na zuba mata ruwan.