Sha'ibu Mai Tumakin Karatu

Da an sallame asuba, Baba Sha'ibu ba ya komawa ɗaki. Garke yake nufa, ya bi tumaki ɗaya bayan ɗaya yana shafa cikinsu, yana duba hancinsu, ba ya barin wurin har sai ya ga kowacce ta miƙe. Ba tasa ko guda. A gidansu na Ɗan Gulbi, gida mai sassa da yawa, ranar sunan kowane yaro ake ware masa tunkiya. Ita da 'ya'yanta ne za su kai shi jami'a in ya gama lakwal, wato makarantar boko, don ba uban da gonarsa za ta ɗauki wannan kaya shi kaɗai. Sha'ibu aka damƙa wa amanar.

Shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ita ce shekarar da Hamdiya, marainiyar wansa, ta ci bak, jarrabawar shiga jami'a. Ciyawa ta gagara, tumaki suka fara faɗuwa. Ƙanensa Yakubu ya same shi a bakin rijiya.

"Yaya, mu kai su kasuwar Dakoro tun suna da rai."

"A wannan farashi? Ko wata uku ba za su riƙe yarinyar a jami'ar Maraɗi ba. Ƙannenta kuma hwa? Gara in kora su arewa."

"Arewa akwai ɓarayi bisa babura."

"Na sani. Ni ma tsoro nike ji."

Ya kora su arewa neman kiwo. Wani makiyayi, Yazidu, shi daga baya ya ba mu labarin abin da ya gani daga bayan wata ƙaya. Da rana tsaka babura suka ritsa tsohon a wani kwari. Ya tsaya tsakaninsu da garken yana cewa, "Na marayu ne, ku ji tsoron Allah." Suka buge shi da gindin bindiga, suka ɗaure raguna masu ƙiba suka tafi. Ramammun tumakin suka raina. Da ya farfaɗo, da rarrafe ya tattara su.

Wata biyu gida ba labari. Matarsa Rahamatu ta daina cin tuwon kirki, Hamdiya kuwa ta kwance kayan da ta ɗaure. Sai ga shi wata Laraba, kunnen hagu ya mutu, tumaki a gabansa sun yi ɓul-ɓul. Hamdiya ta tafi jami'a. Yau ita ke duba masu ciki a asibiti, ƙannenta na bin sawunta.

Baba Sha'ibu, kai ne garkuwar marayu. Ba ka taɓa zama a aji ba, amma jikinka ne ya biya karatun gidanku.

Bana gwiwa ta ƙi, ya ajiye kiwo. A taron gida ya tambaya, "Wa za ya karɓa?" Kowa ya sunkuyar da kai, ga kuma yara cike da tsakar gida suna jiran nasu lokaci. Wannan shirun ya fi ba shi tsoro a kan baburan.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Ku kuma da tumakinsa suka kai birni, tsohon yana nan zaune a ƙofar garke, ya juyo kunnensa mai ji wajen hanya. Kada ku bar shi ya sake tambaya.