Shofaj ɗin Hajiya

Ku matso, samari. Shekara ashirin ina makanikanci, daga Damagaram har Tamanrasset, mota ko tari ta yi na san ciwonta. Amma ranar da Malam Issufu, malamin makarantar unguwarmu, ya kawo tsohuwar motarsa ba ta fita raina.

Watan Janairu ne, sanyin duwatsu na fasa leɓe. Ƙaramin radiyatan da ke ɗumama cikin mota, wanda muke kira shofaj, ya huje, ruwa na ɗiga kan ƙafar direba. Malam, da ke kirana Usta, wato gwani, ya ce, "Usta, jibi zan kai Hajiya, mahaifiyata, ƙauyen Tit, sunan tattaɓa-kunnenta. Ƙafafunta ba sa shiri da sanyi. In babu ɗumi, ba za ta je ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, sai ta nemi mafici!"

Wannan radiyata can ƙuryar tabulo yake, wato allon gaban direba, sai an kwance gaban motar kaf. Na kwanta rigingine a ƙasan sitiyari wuni guda. Ruwan na ƙamshin alewa, rana na shigowa ta gilashi, ƙwallayen dabino na faɗo mini a fuska. Sai ga ni a Damagaram, ƙarƙashin itacen bedi na garejin ubangidana, ana zuba shayi, iska mai ɗumi na kaɗawa. Jikina na nan, hannuna na can.

To, a gida wa ke son zafi a mota? In shofaj ya huje, tiyo biyun da ruwa ke shiga da fita ta cikinsu muke haɗewa, ruwa ya zagaye shi. Na ɗaura sabon radiyata fes, na mayar da kowace ƙusa, hannuna kuma ya haɗe tiyo irin na gida. Ban gwada ba. Gwani ne zai yi gwaji?

Da hantsi muka kama hanya, har da ni, don in sha yabo. Na murɗa fanka har ƙarshe. Iska ta fito kamar daga firji. Malam ya dube ni, ni kuwa na dubi duwatsu.

Tun ranar na san hannu ba ya ƙaura tare da mai shi. Ku riƙa gwada aikinku.

Wajen ƙauyen Outoul, Hajiya ta leƙo daga cikin bargo uku, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, buɗe mini taga. Iskar waje ta fi taka ɗumi."