Maɓalli na Huɗu

Inna Biro muke kiranta, a bayan idonta dai, saboda jan biron da ba ya rabuwa da gefen ɗankwalinta. Shekara ashirin da uku ta yi a ɗakin ƙarshen barandar asibiti kafin ta yi ritaya bara. A ɗakin ake koya wa waɗanda ciwo ya taɓa yadda za su koma yi wa kansu hidima: riƙe cokali, sa riga, murɗa famfo, shiga banɗaki ba tare da an riƙe su ba. Mutane kan ɗauka gashin ƙashi muke yi. Ta gaji da gyara musu, ta ƙyale su.

Ɗakin ba abin kallo ba ne. Gado ɗaya, tebur biyu, kabad cike da kofunan roba da tsofaffin riguna, sai wani allo da aka kafa wa sakata da kwaɗo iri-iri. Kujerarta tana lungu kusa da taga. Nan take zama da fom a cinya idan tana duba aikin ɗalibi, ba ta cewa uffan, sai dai ka ji biro yana tafiya. Wallahi gara a zage ka da wannan shirun.

Da can malamar firamare ce. Mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa bakwai kuwa kowa na rige-rigen neman albarka: wannan ya ba shi abinci a baki, wancan ya sa masa hula. Shekara shida bai ɗaga ko kofi ba har ya rasu, alhali likita ya ce hannun da sauran amfaninsa. Bayan rasuwar ta koma makaranta da goyo a baya. Mai sharar sashen ce ta ba ni wannan labarin, ita Inna ba ta taɓa ɗauko shi ba.

Ni a shekarar ƙarshe ta karatuna na faɗo hannunta. Mako takwas na aikin gwaji, in ta sa hannu na gama, in ta ƙi sai na maimaita, 'yan ajinmu su yi bikin yaye ba ni. Mahaifiyata kuwa ba wanda ba ta gayyata ba, har mai gyaran fanka. Ban ji tsoro ba, don a aji ba a ja da ni, marasa lafiya kuma suna sona. A mako na huɗu Inna ta gaya mini cewa hannuna yana riga haƙurina. Na ce to, na shiga sabgata. Na ɗauka neman magana ne irin na manya.

Ranar jarabawar an haɗa ni da wani dattijo da muke kira Baba Tela. Ɓarinsa na dama ne ya shanye, ana shirin sallamarsa, 'yarsa kuma tun safe take fita aiki, shi kaɗai zai wuni a gida. Abin da ake so a gani shi ne ko zai iya sa riga da kansa. Na yi komai bisa ƙa'ida. Na zaunar da shi bakin gado, ƙafafu a ƙasa, aka fara zura hannun da ba lafiya, aka fara ɓalla maɓalli daga ƙasa. Uku ya ɓalla cikin kusan minti goma. A na huɗu abin ya cije. Gumi ya keto masa, maɓallin ya leƙa rami ya komo har sau uku. Ya ɗago ya dube ni. Tausayi ya kama ni, kafin in ankara na kai hannu na ɓalla masa.

Sai na ji biro ya tsaya.

A ofis ta ce ban ci ba. Ai kuwa na hau faɗa, don ni ma ba kanwar lasa ba ce. Na ce mako takwas ina zuwa kafin kowa, ina tashi bayan kowa, a kan maɓalli ɗaya za a ci mini shekara? Ta bar ni na zazzage tas, sannan ta ce: “Ke za ki bi shi gida ki ɓalla masa na gobe?”

Ashe Baba Tela yana jinmu. Sai ga shi ya dogaro sandarsa ya zo roƙo. Ya ce yarinyar kirki ce, tamkar 'yar cikinsa, a yi mata afuwa don Allah. Har na fara jin sanyi a raina. Inna ta tashi ta ba shi kujera, ta tambaye shi a hankali: “Baba, tsakani da Allah, da ta ƙyale ka, za ka iya?”

Ya daɗe yana kallon gaban rigarsa. “Shekara arba'in ina dasa wa mutane maɓalli, 'yata,” ya ce da ni. “Wannan ɗin na ji shi a yatsana. Saura ƙiris.”

Bai san ya gama da ni ba, shi gaskiya kawai ya faɗa. Kunya ta rufe ni. Inna ta cike fom ta miƙo mini, ta ce in dawo ranar Litinin ta sama in maimaita. Na ji haushinta ƙwarai, wata guda gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu, ita kuwa ko a jikinta. Gaya wa mahaifiyata ya fi komai ciwo.

Ranar da 'yan ajinmu suka sa rigar yaye, ina ɗakin, na harɗe hannuwa a baya, ina kallon wata tsohuwa tana kokawa da murfin kwalba. Sau biyu ta miƙo mini, sau biyu na ce ta ƙara gwadawa. Ta harare ni, ta ce yaran zamani ba su da tausayi. A minti na tara murfin ya buɗe.