Masu Gadin da Na Ɗinka da Hannuna

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar ƙanena Jibo a Gwaram, inda ya ƙare kwanakinsa yana korarre. Allah ya jiƙansa. Na fara da addu'a ne don kada mai karanta wannan ya ce ba na ƙaunarsa, domin abin da zai biyo baya ba duka ne yabo ba. Ni Mamman maɗinki, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, har yau ina jin kishinsa, kuma na gaji da ɓoyewa.

Garinmu ƙarami ne, mai ganuwa, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ga dutse ta kudu da shi. A shekarun da mahara daga wajen Ningi suka matsa mana, a kan dutsen nan masu gadi suke tsayawa da ƙaho. In sun hango mahara sai su busa, duk wanda ke gona ya yar da fartanya ya yi gari. Ƙahon nan shi ya sa muke iya noma gonakin nesa.

Wata damina aka kwashe mazajenmu zuwa yaƙi, har da masu gadin. Mai garin lokacin ya kira mu biyu zaurensa, ya sa muka dafa Alƙur'ani kan ba za mu faɗa wa kowa ba. Ni zan ɗinka mutum-mutumi uku, in cusa musu ciyawa, in sa musu riga da malafa. Jibo kuwa, da yake baransa ne kuma gwanin hawan dutse, shi zai riƙa sauya musu wurin tsayuwa. Hujjar mai gari ba ta banza ba ce. Ya ce in mahara suka ga kawuna a dutse ba za su matso ba, in kuwa talakawa suka sani, kafin kasuwa ta tashi zancen ya kai kunnen 'yan leƙen asiri.

Bari in yabi kaina tunda ba mai yabona. Aikin ya yi kyau. Na karkatar da kafaɗar ɗayansu kamar mai dogara mashi, har mata masu zuwa itace suna ɗaga masa hannu suna yi masa sannu da rana. Damina guda cur ba maharin da ya doso mu. Wa ke tuna wannan yau?

Da damina ta biyu ta kama, mazaje ba su dawo ba, Jibo ya same ni a shago ina ɗinki.

Ya ce, "Yaya, na ga Sale ya saɓa garma ya nufi gonar bayan dutse."

Sale ɗana ne na fari, a lokacin ya isa ya riƙe gona shi kaɗai. Na ce ai na gani.

"To in aka zo, wa zai busa masa ƙaho? Ciyawa?"

Na tuna masa mun dafa Littafi. Ya ce shi zai yi kaffara, ya kaɗe wandonsa ya fita.

Ran kasuwa bai yi wani dogon jawabi ba. Ya hau dutse, ya saɓo mai gadina guda a kafaɗa, wanda na fi ji da shi, ya kawo shi tsakiyar 'yan hatsi ya jingine. Ya zaro ciyawa ta wuyan rigar, ya ce, "Jama'a, ga mai tsaron ranku." Iyakar maganarsa ke nan, kuma da ita ya yi sunan da ni ban yi ba da allurar shekara hamsin.

Aka yi masa bulala aka kore shi. Mutane suka bar gonakin nesa ciyawa ta cinye. Kafin kaka mahara suka zo, da yake su ma sun ji dutse ba kowa, suka iso har bakin ƙofa, suka kore shanu, suka ƙone rumbunan waje. Shekarar nan mun ci tafasa har mun gaji. Amma da suka bi gonakin bayan dutse ba su tarar da kowa ba, ba a ɗaure ɗan kowa da igiya ba. Duka biyun gaskiya ne. Mutanen garinmu dai rabin ƙarshen kawai suke faɗa.

Yanzu masu gadi na gaske ne a dutsen, amma ba mai fita gona sai ya tsaya a gindinsa ya ɗaga murya, "Na sama, da rai?" Sai an amsa masa ya wuce. Da Jibo zai dawo ya ji, dariya zai yi, sannan ya tambaya me ya sa har yau mai shela ba ya faɗin komai sai abin da aka ba shi a zaure. Ni ina nan a kan bakana: gari ba ya zaunuwa in kowane bara zai kwashi sirrin zaure ya kai kasuwa. Na kuma san amsarsa. Zai ce ɓoye wa maƙiyi daban, ɓoye wa wanda maƙiyin zai kama daban. Ya mutu bai ba ni damar in kayar da shi a wannan gardamar ba.

Kwanan baya aka haifa wa Sale ɗa namiji, bayan jerin mata. Na sa rai, ba zan yi ƙarya ba. Har na fara tunanin yadda za a riƙa kiran yaron Abba saboda kunyar sunana. Sale ya zo ya tsuguna a gabana.

Ya ce, "Baba, so nake ka yi masa huɗuba da sunan Baffa Jibo."

Na ce ni da na riƙe amana da rantsuwa, ni ne ban cancanta ba?

Kansa a ƙasa ya ce, "Ban ce ka yi laifi ba, Baba. Amma a wancan lokacin kullum ta ƙofar shagonka nake wucewa in tafi gonar bayan dutse."

Aka miƙo min jaririn. Na kai bakina kunnensa na raɗa masa Jibrilu. Jibo bai bar gida ba, bai bar gona ba, ko kabarinsa sai an tambaya a Gwaram. Ga shi ya bar kira a gindin dutse, ya kuma shigo har cikin gidana ya karɓe jikana.

'Yar rigar sunan ni na ɗinka. Kowa ya ce ta yi wa Jibo kyau, ba wanda ya tambayi wa ya ɗinka ta.