Layin takalma da idona na hagu

Ciwon yanar ido ne ya rufe mini ido biyu. Likitan da ya buɗe na dama wani siririn Kirista ne daga Filato, ya daɗe cikinmu har Hausarsa ta koma tamu. Ranar da ya kwance mini bandeji ya ce, "Inna, na hagu sai bayan girbi. Kada ki bari kowa ya ɗiga miki komai a ciki."

Na ce, "Kai dai kada ka gudu."

Ya ce, "In gudu, wa zai riƙa yi mini faɗa?"

A wancan asibiti mutane ba sa tsayuwa a layi, takalma ke tsayawa. Kowa ya iso sai ya ajiye nasa bayan na wanda ya riga shi, ya koma inuwar dalbejiya. Mutanen Gummi, na Anka, mu na Gwashi, duk haka muke yi. Ban taɓa zama a aji ba, amma layi na san shi.

Da aka gama kai gero rumbu na hau babur na tafi. Silifas ɗina ne na huɗu. Hantsi ya ɗaga sai ga motoci lulluɓe da fastoci, don zaɓe ya matso. Wani babban ɗan siyasa ya aiko mutanensa su rataya hotonsa, wai shi ya kawo kayan aikin ido. Suka zo da takarda mai sunayen 'yan jam'iyyarsu, su za a fara yi wa. Wani ƙato ya sa ƙafa ya watsar da takalmanmu.

Na ce, "Kai! Mai wanga takalmi ta haifi sa'ar ubanka."

Ya ce, "Tsohuwa, kina da katin jam'iyya?"

Na ce, "Ido na kawo, ban kawo ƙuri'a ba."

Likita ya fito, ya duba takardar, ya mayar wa ƙaton. Ya ce, "Ka gaida mai girma. Su ajiye nasu a baya, kowa zai samu." Ya duƙa da farar rigarsa yana tsince mana takalma yana jerawa. Su kuwa suka kwashe kwalayen kayan aikin suka mayar mota. Ranar ba a taɓa idon kowa ba.

Da na koma bayan kasuwa uku, ɗakinsa da kwaɗo. Wata nas ta ja ni gefe ta ce takarda ta zo daga sama, an mayar da shi wani ofis a Gusau, inda ba majinyaci sai fayil. Mutumin da hannunsa ke buɗe ido! Kafin damina ta faɗi ya tafi Saudiyya, can yake wa Larabawa aikin da ya yi mini alkawari.

Yanzu sai in ji manya a rediyo suna cewa kwaɗayi ya kwashe likitocinmu. Ƙarya suke! Ina zaune na ga abin da ya kori namu. Su in ido ya dame su jirgi suke hawa, wataƙila ma gabansa za a zaunar da su.

Na hagu yana nan a rufe. Mai tallar magani a kasuwa ya sha miƙo mini kwalba, wai ɗigo uku ya wanke. Ba na ko karɓa. Likita ya ce kada in bari kowa ya ɗiga mini komai, kuma har yau ban bari ba.